Hannun Hagun Chebo

Washegarin rasuwar yayana Lencho, abokin kiɗansa Chebo Zamarripa ya zo gida da hantsi, rungume da akodiyan ɗinsa, abin kiɗan nan mai zugazugi, a cikin rigar matashin kai. Jakarta ta asali ta daɗe da yagewa. Bai ƙwanƙwasa ƙofa ba, dama bai taɓa ƙwanƙwasa ta ba tun muna yara. Ya shigo kicin, ya ja kujerar da Lencho ya saba zama, ya dube ta, ya mayar, ya zauna a wata.

Na zuba masa kofi, na tura masa farantin burodi mai sukari. Bai taɓa ba.

"Minia, ina ya ajiye su?"

"Su me?"

"Harsunan hagu. Kin san abin da nake nufi."

Na sani. A cikin akodiyan akwai ƙananan harsunan ƙarfe da aka jera kan katako, aka liƙe da kakin zuma. Iskar zugazugin ce ke kaɗa su su yi kuka. Na hannun dama su ke rera waƙa, na hagu su ke ba da kaurin murya a ƙasa. Makaɗanmu na nan kudancin Texas sun saba cire na hagun gaba ɗaya, don mai bajo yana tsaye a gefe da babbar jitarsa mai tsirkiya goma sha biyu, aikin nasa ne. Idan an cire su akodiyan ta fi sauƙin ɗauka, kuma maɓallan hagu su koma ƙofar fitar iska kawai.

A wannan kicin ɗin aka cire na Chebo, a kan wannan teburin, lokacin mahaifiyarmu tana da rai. Ina murza tortiya, gurasarmu ta masara, ina kallonsu. Lencho ne ya riƙe sukudireba. Chebo yana ta cewa, "A hankali, compadre, aminina, albashin kakar albasa guda ne kake farkewa." Lencho ya ce, "Kai yi shiru. Ga ni tsaye, me za ka yi da hannun hagu? Ka riƙa sosa kai da shi." Ya zaro katakan, ya naɗe su a tsumma, ya jefa a gwangwanin kofi. Shekara hamsin da 'yan kai ke nan.

"Me za ka yi da su yanzu?" na tambaye shi.

"Jibi za a binne shi. Mun yi alkawari, wanda ya riga tafiya, ɗayan zai kaɗa masa waƙarmu Tsallaken Dogo a bakin kabari. Ni na ɗauka ni zan riga shi, ga sukari ga hawan jini. Sai ya yi mini wannan wulaƙancin." Ya shafa rigar matashin. "Ba ta kaɗuwa da hannu ɗaya, Minia. Rabinta nasa ne. In na mayar da harsunan, ko yaya zan ɗan riƙe masa wurinsa."

Sunan ƙungiyarsu ta kiɗa Los Tordos, sunan baƙaƙen tsuntsayen nan masu surutu da ke cika wayoyin lantarki da yamma. Su huɗu ne. Chebo da Lencho sun fara tun a gonakin 'ya'yan itacen ceri na Michigan, inda muke bin kaka kowace shekara, suna kaɗa polka, kiɗan rawar mutanenmu, a bayan babbar mota ranar Lahadi. Sai Ramiro mai ganga ya dawo daga soja da kiɗan rok a kunnensa, yana duka kamar mai bin ƙofa da guduma. Na ƙarshen shigowa Wendell Kocurek, Bature ɗan manoman gyaɗa, mai jitar nan da ake kwantarwa kamar tebur ana goga mata ƙarfe tana kuka irin na waƙoƙin makiyayan shanu. Garejin da Lencho ke kanikanci ya kawo mota gyara, ya ji su suna gwaji a baya, ya tsaya, har ya manta da motar.

Layin dogo ya raba garinmu biyu. Ranar Asabar suna kaɗawa a zauren Turawa na arewa da dogo, ranar Lahadi da rana a dandalinmu na kudu. Da farko kowane ɓangare abinsa suke ba shi. Sannu a hankali abubuwan suka fara zuba cikin juna, don mutum huɗu ba sa iya wanke kunnuwansu tsakanin Asabar da Lahadi. Jitar Wendell ta riƙa kuka a cikin polka. Chebo ya riƙa kutsawa cikin waƙar makiyaya. Lencho kuma ya samo wata tafiya tasa a bajo, ba ta mutanenmu ba, ba ta Turawa ba, yana ɗan jinkirtawa kamar mai ɗingishi da gangan, har sai ka ji ƙugunka ya motsa ba ka sani ba. Ni ke zama a bakin ƙofa ina buga wa masu shiga hatimi a hannu. Ban taɓa rawa ba, amma babu kiɗansu da ban ji ba.

Faifai ɗaya suka yi, ƙarami, a San Antonio. Suka ɗauke shi gidan rediyon Turawa, mutumin ya saurara ya ce akwai daɗi, sai dai a kai wa 'yan Meziko. Suka kai wa namu, shi kuma ya ce wannan jitar mai kuka za ta kore masa masu sauraro. Kwalayen faifan suka zauna a ƙarƙashin gadon Lencho har zafi ya lanƙwasa su. Duk da haka sun shekara ashirin suna cika zaure daga nan har Laredo. Daga baya masu biki suka gane mutum ɗaya da na'ura ya fi mutum huɗu araha. Ramiro ya mutu a kan taraktar wani. Wendell ya koma gona. Chebo da Lencho suka rage su biyu, suna kaɗawa a bikin baftisma da bayan gidajen abokai, har hannun Lencho ya daina rufuwa. Da matarsa ta rasu ya dawo wurina, a ɗakin baya ya ƙarasa.

Muka fita ni da Chebo zuwa rumfar kayan aiki da ke bayan gida. Rana ta riga ta yi zafi, kwanon rufin yana ƙara. Gwangwanayen kofi sun fi ashirin a kan kanta, wannan ƙusoshi, wannan noti, wannan fulogin mota da suka mutu tun zamanin da. Chebo yana buɗewa yana magana da mamaci.

"Dubi wannan. Me za ka yi da wannan, compadre? Kai dai ba ka taɓa jefar da komai ba sai kuɗi."

A can lungu muka same shi. Tsumman ya zama gari. Gara ta cinye katakan, kakin ya narke ya daskare a gindin gwangwanin. Harsuna uku ko huɗu ne suka rage, jajaye da tsatsa. Chebo ya zazzage su a tafin hannunsa.

"Sauran fa?"

Na san inda sauran suke, na so in yi shiru, amma yana kallona. Na nuna masa akwatin kamun kifin Lencho. Ya buɗe. Ga su nan a jere, kowanne an huda shi, an lanƙwasa, an ɗaura masa ƙugiya. Lencho ya ce babu abin da ke ƙyalli a ruwa kamar su.

Chebo ya daɗe yana kallo. Sai ya yi dariya, gajeriya, ba ta kai ko'ina ba.

"Ashe kifin nan da muka yi ta ci, da hannuna na hagu aka kama shi."

"Ya ce ba za ka taɓa buƙatarsu ba."

"Ai ya yi gaskiya, har jiya."

Akwai mai gyaran akodiyan a San Antonio. Chebo ya kira shi daga wayata. Mutumin ya ce irin wannan tsohuwar sai an yi odar katakan, wata guda in an yi sa'a. Chebo ya ce, "Mamacin ba zai jira ba," ya miƙo mini wayar.

Da la'asar na kai shi gidan tsofaffi inda Wendell yake. Mun same shi a keken guragu a bakin taga, an lulluɓa masa bargo a wannan zafin. Ya rame, sai hancin da kunnuwan.

"Zamarripa," ya ce. "Na ɗauka kai ne ka mutu. Har na fara murna."

"Kai ma ai an binne waɗanda suka fi ka lafiya."

"Minia, har yanzu kina yawo da wannan? Zauna. Kada ki zauna a can, wani ya yi fitsari."

Chebo ya faɗa masa abin da ake ciki. Ya ce ko Wendell zai zo, ko layi biyu ne ya ja, don a rufe ramin. Wendell ya fito da hannayensa daga bargo ya ɗaga su. Suna kaɗawa kamar ganye.

"Dubi. Yanzu ba sai na yi ƙoƙari ba, jitar da kanta za ta yi kuka. Jikata ma ta sayar da ita." Ya mayar da su ciki. "Ka nemi wani mai bajo mana. Garin nan ba a rasa mai bajo."

"Na gwada ɗaya bara, lokacin da hannun Lencho ya ƙi. Gwani ne, daga Laredo. Kowane bugu a kan lokacinsa, kamar agogon banki. Na yi tambaya da akodiyan, ya amsa tun ban rufe baki ba."

"Lencho ai makara yake yi."

"Makara yake yi. Wa zan koya wa makara a kwana biyu?"

Wendell ya juya ga taga. Ya ce, "Na gaya muku tun a lokacin. Kun cire wa abu rabin cikinsa don kun yarda da mutum. Mu a gidanmu ba ma cire komai, kakana da hannu biyu yake kaɗa tasa, shi kaɗai, a ɗakin ajiyar hatsi."

"Shi ya sa ba wanda ya taɓa rawa."

"Gaskiya ne," in ji Wendell. "Ba wanda ya taɓa." Can ya ce, "Ka gaishe shi."

Araceli, 'yar Lencho, ta iso daga Houston a daren, washegari da safe ta same mu a kicin. Ma'aikaciyar asibiti ce, mace mai gyara abu tun kafin a gama faɗa mata matsalar. Chebo ne ubanta na baftisma, shi ya sa take kiransa padrino. Ta saurare shi tana danna waya.

"Padrino, ai wannan ba matsala ba ce. Wani ya sa faifanku a intanet. Ga shi."

Ta miƙo. Hoton tambarin faifan ne, ja da baƙi. Lokacin da aka buga shi ban iya karatu ba, sai da na haura hamsin na zauna a aji. Na karanta sunayen huɗu a hankali, na Lencho na biyu: Florencio Arredondo.

"Zan kunna a makabarta," ta ce. "Kai ka bi da akodiyan. Ka ga Baba da kansa zai kaɗa maka ke nan."

Na ga fuskar Chebo ta buɗe, irin buɗewar da ban gani ba tun da ya shigo da rigar matashin nan.

"Shi da kansa," ya ce.

"Shi da kansa. Mu gwada yanzu?"

"A'a, mija, 'yata. Ni da ubanki ba mu taɓa gwajin Tsallaken Dogo ba. Ranar da muka gwada ta, ranar za ta lalace."

Haka suke tun asali. Sauran waƙoƙi suna gwadawa a gareji har maƙwabta su yi ƙorafi, wannan kuwa sai a gaban mutane. Na ajiye masa abinci a gaba. Tun da aka yi rasuwar ban ga ya ci abinci ba sai a wannan safiyar, ƙwai da wake, har ya nemi ƙari.

Ranar jana'iza aka gama coci da wuri, muka isa makabarta rana tana tsaka. Makabartarmu ce ta kudu da dogo, ba itace sai 'yan ƙayoyi a bakin shinge, iska tana zuwa daga gonaki ba abin da ke tare ta. Mutane ba su da yawa. 'Yan uwa, abokan Araceli biyu, tsofaffi kaɗan daga cikin waɗanda na taɓa buga wa hatimi a hannu. Fada, limamin cocin, ya gama addu'a, ya yayyafa ruwa, ya ja baya ya ba Chebo wuri.

Ya sa farar rigarsa mai maɓallan ƙarfe, wadda ta yi masa yawa yanzu. Ya cire hula ya ba ni. Ya rataya akodiyan, ya tsaya a gefen akwatin, ya ɗan matsa dama, ya bar fili a hagunsa kamar yadda ya saba. Ya ɗaga wa Araceli kai.

Ta ɗaga wayar sama ta danna.

Jitar Wendell ta fara fitowa, siririya kamar sauro. Sai gangar Ramiro, kamar ana taɓa gwangwani da cokali. Sai akodiyan, ta Chebo ɗan shekara ashirin da biyar, tana gudu. Na kasa kunne ina jiran Lencho. Na san daidai inda yake shigowa. Wurin ya zo ya wuce.

Ɗan bakin waya ba ya ɗaukar murya mai kauri. Abin da ya rage kuma iska ta kwashe. Duk mutum ukun suna nan, shi kaɗai ne babu.

Chebo ya karkata kai wajen wayar. "Ƙara murya, mija."

"Ta ƙure, padrino."

Ya shiga duk da haka. Yatsunsa na dama sun san hanya, amma saurayin da ke cikin wayar ya fi shi sauri, ya wuce shi a layin farko, ya bar shi yana bi a baya. Akodiyan biyu suna karo, ba abin da ke riƙe su a ƙasa. Wata tsohuwa kusa da ni ta sunkuyar da kai. Chebo ya yi wa Araceli alama da haɓa ta kashe. Ta kashe.

Ya ci gaba shi kaɗai, a saurinsa. Haka ya fi, na ɗan lokaci. Har ya iso tsakiyar waƙar, inda kowa ke yin shiru, akodiyan ta yi tambaya bajo ya amsa. Ya yi tambayar. Ya tsaya. Ya bar wa Lencho filinsa cif, har da ɗan ƙarin makarar. Ni na ji abin da ya kamata ya cika wurin, wataƙila tsofaffi biyu ko uku ma sun ji. Sauran iska kawai suka ji, da wata babbar mota a kan titi. Ya sake tambaya, ya sake tsayawa.

Na ji wata abokiyar Araceli ta raɗa, "Wayyo, ya manta."

A tambaya ta uku hannunsa na hagu ya gaji da jira. Na ga yatsun sun lalubi maɓallan da ba su taɓa nema don kiɗa ba, suka danna inda amsar take. Iskar ta fice gaba ɗaya da huci, zugazugin ya rufe a ƙirjinsa, muryar dama ta yanke a tsakiya. Ya ja ya buɗe, ya sake dannawa, ta sake hucewa.

Araceli ta fara tafi. Da kyakkyawar niyya ta yi, don ta fitar da shi. Mutane suka bi ta. Ta zo ta rungume shi da akodiyan ɗin duka, ta ce, "Ya yi kyau, padrino. Baba ya ji."

"Ban gama ba," ya ce.

"Ya isa haka. Rana ta yi zafi, zo ka zauna."

Masu aikin makabarta sun riga sun matso da igiyoyinsu. Fada ya duba agogo. Chebo ya tsaya kaɗan, sannan ya bar ta ta zare masa madaurin daga kafaɗa.

An shirya abinci a zauren coci, nama da shinkafa da wake. Kowa ya nufi motarsa. Chebo ya shiga tawa, ya ajiye akodiyan a kujerar baya ba tare da ya mayar da ita cikin rigar matashin ba. Na kunna mota, na bar ta tana aiki don sanyi ya shigo. Muna kallon ƙaramar motar haƙa tana tura ƙasa.

"Minia, ke kin fi kowa kunne. A wayar nan, kin ji shi? Ko kaɗan?"

Na yi tunanin abin da Araceli za ta ce. Amma shekara hamsin yana tambayata yadda kiɗa ya fita, don ya san ba na ƙara masa gishiri.

"Ban ji shi ba, Chebo."

Ya gyaɗa kai. "Ni ma." Ya karɓi hularsa daga cinyata ya sa. "Kai ni gida. Ki ce musu sukarina ne ya tashi."

Na kai shi. Ya sauka a bakin shingensa, ya rufe ƙofar motar a hankali. Na leƙo na ce ya manta akodiyan ɗinsa. Bai juyo ba, ya ɗaga hannu kawai, ya shige.

Tana ɗakin Lencho yanzu, a kan gado, kusa da bajon. Mai gyaran San Antonio ya kira bayan wata guda ya ce ya samo katakan, in har ana so. Na je na faɗa wa Chebo. Yana zaune a baranda, rediyo a kashe. Ya ce in gode wa mutumin, ya tambaye ni ko an yi ruwa a wajenmu.